Kwana Biyu da Yini Ban Amsa Ba

Tun kafin in san akwai wani gari wai shi Lyon ina ɗauke da wani tsoro, kuma ban taɓa sauke shi gaban kowa ba, har babanku. Kunnuwana nake tsoro. Innata, kakarku da ba ku tarar ba, ba ta wuce shekara talatin ba ta fara jin ana kiran ta. Tana tsakiyar daka a gidanmu na Damagaram sai ta ajiye taɓarya ta ce "Na'am?", alhali ba kowa. Mu yara mu yi ta dariya. Daga baya dariya ta ƙare. Aka kai ta gun malamai, aka kai ta likita, aka cire ƙanena daga nono aka ba wata gwaggonmu. Manya suka ce amsawar ce ta ja mata, da ta yi shiru ran farko da mai kiran ya gaji ya tafi. Da wannan aka raine mu: in ka ji sunanka ba ka ga bakin da ya faɗe shi ba, ka kama bakinka. Kuma ba a taɓa ce mini abin gado ne ba, amma na ga yadda mata ke kallon kunnena in na juya kai da sauri.

Ke Nana, ran da kika dawo daga gidan Hajiya kika tsaya a ƙofar kicin kika ce, "Maman, wai gaskiya aljanu sun taɓa ki a Lyon?", na ce ki je ki wanke kwanoni. Ba amsa ba ce wannan. Ga amsar, ke da ƙanenki Sadiƙu. Karatuna aji huɗu ne, in kun ga rubutu ya karkace ku yi haƙuri.

Da aka kawo ni ƙasar nan, wata uku na fara yi a unguwar Goutte d'Or ta Paris gun Hajiya, gwaggon babanku, kafin ya samu ɗaki a Lyon inda yake karatu. A wata ukun nan matan unguwa suka ƙara wa tsorona wani tsoro. Suka ce a nan uwa ba ta faɗin duk abin da ke ranta. In kin yi magana wadda ba ta zauna ba gaban likita ko gun awon yara, wata mata za ta zo da jaka da takarda, ta duba gida, ta ɗauke ɗa. Ban san iyakar gaskiyar wannan ba har yau. Amma na riga na ga an cire yaro daga ƙirjin uwa da idona, don haka ban nemi shaida ba.

Aikin babanku kun san shi yanzu, amma a lokacin ba wanda ya gane shi a dangi. Yana koyon yadda ake gina ɗaki murya ta zauna a cikinsa daidai, kada ta yi ta dawowa tana taka ƴar'uwarta, kada kuma ta mutu kafin ta kai sahun baya. Duk ɗakin da ya shiga sai ya yi tafi sau ɗaya, ya karkata kai yana saurare kamar mai zaɓen kankana. Yana yawo da balan-balan a aljihu, ya hura ya fasa, na'ura ta auna tsawon lokacin da ƙarar za ta ɗauka kafin ta ɓace. Hajiya ba ta taɓa raga masa ba.

"Ƴaƴan mutane sun zo sun zama likitoci, kai ka ƙetare hamada da teku ka zo fasa balan-balan. In tafi ne, ai makaɗan garinmu sun fi ka, kuma ba su da diplom."

Shi sai ya yi dariya. Ni kuwa yana yi mini bayani ko ban tambaya ba, ina tuƙa tuwo yana magana. Ya ce murya kamar ruwa take, ba ta zuwa wuri sai da hanya: ko iska, ko katako, ko ƙarfe, ko wata ƴar kafa da ido bai gani ba. In ka toshe hanyar, ta tsaya. Ina jin sa da rabin kunne. Wata rana ya kai ni wurin aikinsu ya shigar da ni wani ɗaki da aka lulluɓe bangonsa da sama da ƙasa da wasu soso masu tsini, ya ce nan ba abin da ke dawowa, ko ihu ka yi faɗuwa yake gaban bakinka. Ya ja ƙofa. Sai na ji zuciyata, na ji haɗiyar yawuna, sannan na ji wani siririn fito can cikin kaina wanda ba daga ko'ina yake ba. Na ce a raina, shi ke nan, ya fara. Na ce masa fitsari nake ji don ya buɗe. Sai bayan shekaru na san kowa ma yana jin wannan fiton a ɗakin nan. Da na tambaya a ranar da an faɗa mini, amma mai ɓoye ciwo ba ya tambaya.

Gidanmu na Lyon tsohon gidan masaƙa ne a kan tudu, rufinsa da tsawo, matakalarsa ta dutse ta lotsa a tsakiya saboda ƙafafun mutanen da suka shuɗe. Muna hawa na huɗu. A hawa na biyu akwai wata tsohuwa Bafaranshiya, Madam Odet, ita kaɗai, gajeruwa, kullum da jar hular saƙa ko da zafi. Ina ɗaukar mata kwandon cefane in mun haɗu, ita kuma ta ba ki biskit, Nana, lokacin kin fara tafiya da bin bango. Ta tambayi sunana ta riƙe, tana jan shi a maƙoshi irin nasu. Wata rana muna hawa, tana gabana, sai na ji tana rera wani abu a hanci. Na tsaya cak. Waƙar rainon da Inna ke yi mana ce, wadda nake yi miki a kicin in ina girki, ƙofa a rufe, hawa biyu tsakaninmu. Ban taɓa yin ta a waje ba. Ta juyo ta yi mini murmushi. Daga ranar in na ji motsinta a matakala sai in dakata har ta shige, kuma biskit ɗinta ban ƙara bari kin ci ba.

A watan Agusta abin ya faru, lokacin da Nasara ke kulle gidaje su tafi hutu. Gidan ya yi tsit, ba rediyo, ba takun kowa, har matar da ke gadin ƙofa ta tafi garinsu. Babanku ya tafi Paris kwana huɗu. Wasu ƴan'uwa sun mai da wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa masallaci, mata na kukan ba sa jin liman a bayan labule, suka roƙe shi ya zo ya duba.

Ran Talata bayan azahar, rana fes, kina barci, ina tsince shinkafa a kicin. Sai na ji.

"Raa... bii."

Ba daga taga ba, ba daga ƙofa ba. Daga bango, ƙasa-ƙasa, wajen gwiwata. Murya ce mai kauri da zurfi, ba ta mace ba, ba ta namiji ba, kamar ana magana cikin randa. Bayan sunan akwai wasu maganganu, amma ba su da baki, sun narke cikin juna. Sunan kaɗai ke fitowa sarai. Shinkafar ta zube. Na danne bakina da hannu biyu, don na ji "na'am" ta taso da kanta har ta kai haƙorina. Na rufe taga, na rufe duk kabad ɗin da ke buɗe, na ja ƙofar kicin, na ɗauke ki muka koma ɗaki, na sa kaset ɗin karatu na ƙure shi. Kiran ya ɗauke. Na ce karatu ne ya kore shi.

Da yamma babanku ya kira.

"Lafiya kuke? Ya ƴar tawa?"

"Lafiya lau, Malam."

"Muryarki wani iri."

"Barci na tashi."

Ina jin an fasa balan-balan a bayansa, maza suna dariya. Na ajiye talho.

Ran Laraba yunwa ta mai da ni kicin. Shiru. Na tsaya na daɗe, shiru. Na durƙusa na buɗe kabad ɗin ƙasa in ɗauko tukunya, sai kiran ya fito mini a fuska, kamar da ma jira yake. Sau uku a jere. Na saki tukunyar, na banka ƙofar, na karanta Ayatul Kursiyyu da ƙarfi. Sannan na kira Hajiya, don in ban faɗa wa wani ba kaina zai fashe.

"Da rana tsaka?" ta ce.

"Da rana, Hajiya."

"Sunanki na yanka?"

"Shi."

"Kin amsa?"

"Ban amsa ba."

"Alhamdu lillahi. Ke ɗiyar wance ce, ba sai an faɗa miki ba. Tsofaffin gidajen nan duk da masu su a ciki, mu haya kawai muke. Ki turara gida, ki yi ta karatu. Kada ki kuskura ki faɗa wa Nasara, kin ji ko? Ɗiyarki za su ɗauka. Mijinki ma bar shi sai ya dawo, wannan tafi zai yi wa aljanin."

Kada ku riƙe Hajiya da wannan. Abin da ta sani ta ba ni, kuma don ta kare ni ta yi. Ranar biredi da madara muka ci, ban ƙara taka kicin ba. Na zauna da ke a cinya ina kallon gashin kanki, ina lissafin wa za a ba ke.

Ran Alhamis da hantsi na shiga wanka na minti biyar. Da na fito ba kya ɗaki. Kin tura ƙofar kicin, kin buɗe kabad ɗin nan, don nan murafan tukwane suke, abin wasanki. Na tarar da ke rabin jikinki a ciki, ƙafafu a waje, kina gwaranci, kina dakatawa, kina sake yi, kamar mai hira. Sai muryar ta zo, ta yi rauni sosai a kan ta jiya.

"Naa... naa."

Kika yi dariya. Na fizgo ki da ƙafa har kanki ya bugu, na rufe ƙofar da gwiwa. Muryar ta yanke. Ina tsaye ina haki, kina kuka, sai wani abu ya faɗo mini a rai wanda ba addu'a ba ne, ba kuma maganar Hajiya ba. Inna takan cusa yatsu a kunne, ta lulluɓe kai da bargo biyu, ta shige ƙuryar ɗaki, kuma duk da haka tana ji. Ba abin da ke tare nata. Nawa kuwa ga ɗan katako mai kaurin yatsa ya tare shi. Na buɗe a hankali. Ga shi, da wani tari a bayansa, busasshen tari. Na rufe. Babu. Na buɗe, akwai. Na rufe, babu. Sai na ji babanku kamar yana tsaye bayana ina tuƙa tuwo: ba ta zuwa sai da hanya.

Kada ku ce daga nan tsoro ya tafi. Wa ya ce aljani ba ya zama a kabad? Abin da na sani kawai shi ne ba a kaina abin yake ba, kuma ko mene ne, ƙishirwa yake ji, don na san tarin maƙoshin da ya bushe. Na goya ki, na ɗaure zane har sau biyu, don in an ja ni a ja mu tare. Na fitar da tukwanen. A bayan kabad ɗin akwai wani siririn allo da ya tsage, iska mai sanyi da warin tsohon hayaƙi na fitowa ta tsagar. Na yi bisimilla na sa kaina ciki. Duk tarbiyyar gidanmu tana riƙe da harshena.

"Na'am," na ce. "C'est qui?" Wato wane ne?

Shiru. Sannan kuka, kukan tsohuwa, ya hauro ta bango. A cikinsa na tsinci sunanta, Odet.

Ban san yadda na sauka hawa biyun nan ba. Na buga ƙofarta, na sa kunne, can nesa na ji nishi. Na buga ƙofar kowa a gidan, ba kowa. Na fita titi ba takalmi na shiga farmasi, duk faransancina ya watse, ina ta cewa madam, deuxième, wato hawa na biyu, madam, ina nuna ƙasa da hannu. Matar ta gane ta kira ƴan kwana-kwana. Suka ɓalle ƙofa. Tana kwance a ƙasa, kanta cikin bakin tsohon murhun ɗumama ɗaki, ƙugunta ya karye. Daga wajen teburi ta ja jiki har nan, alamar jan tana kan dabe. Leɓunanta sun tsage, jar hular na gefe.

Da aka fitar da ita, wani dogo cikinsu ya juyo gare ni da ƴar takarda. Ya tambaye ni a hankali, yana haɗawa da hannu: kina hawa na huɗu, ya aka yi kika ji ta? Ga Nasara, ga takarda, ga ki Nana goye a bayana. Abin da aka ce kada in faɗa shi ne kaɗai amsar. Na ce, a bango. Ya dube ni. Na ga kallon, na san shi tun ina yarinya. Amma bai rubuta ba. Ya ce in nuna masa. Ya hau har hawa na huɗu da kayansa masu nauyi, ya durƙusa a kicin ɗina, ya cire hular ƙarfe ya sa kansa inda na sa nawa, ya ƙwala wa abokinsa kira. Daga ƙasa murya mai kauri kamar ta cikin randa ta amsa masa. Ya fito yana dariya, baƙin hayaƙi a goshinsa. Ni kuwa na zauna a ƙasa cikin tukwane.

Sai ya tambaye ni tun yaushe nake jin ta. Na ce yau. Wannan ita ce ƙaryar da na zo in gyara.

Da babanku ya dawo ya cire allon ya haska da tocila. Ya ce kabad ɗinmu a bakin tsohon murhu aka gina shi, kuma bututun hayaƙinmu da nata suna hawa kafaɗa da kafaɗa cikin bango, tubalin da ya raba su ya zube a wani wuri. Ya ce dogon bututu yana cinye gefen kalmomi ya bar tsakiyarsu, yana kuma ƙara wa murya kauri, shi ya sa ban gane ta ba. Yana ta murna, yana cewa kunnen matata ya fi na'urarmu. Ya faɗa wa kowa na ceci rai.

Muka je duba ta a likita, shi yana fassara. Ta ƙanƙance a gadon kamar yarinya. Ta ce shekara guda tana jin mu. Kujerarta na kusa da murhun, in na buɗe kabad sai waƙata ta sauko mata, da ƙarar ludayi, da dariyarki. Ta ce ba ta faɗa ba don kada in ji kunya in daina. Da ta faɗi, ta san gidan ba kowa, sai ta ja jiki zuwa wurin da ta san akwai mutum. Sannan ta ce wa babanku ya samo mata ruwa mai sanyi. Da ya fita ta kama wuyan hannuna. Ta ɗaga yatsu uku: Talata, Laraba, Alhamis. Ta yi da tafin hannu kamar mai rufe ƙofa, sau ɗaya, sau biyu. Ba abin da ba ta ji ba: faɗuwar tukunya, da karatuna, da bugun ƙofar a kan muryarta.

"Vous aviez peur," ta ce. Wato kin ji tsoro. Ba tambaya ba ce, ba kuma zargi. Ta shafa hannuna kamar ni ce a gadon.

Ba ta koma gida ba. Bayan kwana goma sha ɗaya ta rasu. Likitan ya ce ba karayar ba ce, ƙodarta ce ta lalace saboda daɗewa ba ruwa, da an same ta ran farko da wata magana ake. Babanku ya fassara mini wannan a tsaye a baranda, kalma bayan kalma, bai san wuƙa yake miƙo mini ba. Ya so ya cusa audugar gini a bututun ya toshe. Na ce ya bari. Har muka taso muka dawo nan Montreuil ban ƙara rufe kabad ɗin nan ba, ko da ɗakin ƙasa ya zama kango. Wani lokaci iska na hura shi, in tsaya da ludayi a hannu har ta wuce.

Sai bara na faɗa masa gaskiya, bayan shekara goma sha biyu. 

"Me ya sa ba ki faɗa mini ba ran Talatar, da na kira?"

"Da na ce maka bango na kiran sunana, me za ka ce, Malam?"

 Babanku ba ya ƙarya.

"Da na ce ki sha magani ki kwanta," ya ce.

To kun ji. Ba aljani ne ya taɓa ni ba, kuma ba jaruma ba ce ni kamar yadda babanku ya daɗe yana faɗa muku. Mace ce ta kira ni kwana biyu da yini ina rufe mata ƙofa. Ina neman gafarar Allah a kan wannan kullum, ku ma ku taya ni.

Abin da nake roƙon ku guda ne. Shekaruna suna tafiya, kuma ban san abin da Allah ya ajiye wa kaina ba. In wata rana na ce muku ina jin wani abu, kada ku kalli juna, kada ku fara kiran Hajiya ko likita, kada kuma ku ce in yi shiru. Ɗayanku ya taso ya zo inda nake, ya durƙusa, ya sa kunnensa daidai inda nawa yake, ya ɗan dakata. In kun ji, mu nemi hanyar tare. In ba ku ji komai ba, ku faɗa mini gaskiya a fuskata, ni kuma zan sa takalmina in bi ku duk inda kuka ce.